Da an kira magariba gabana ke faɗuwa: tsoron kada barci ya ƙi zuwa

Telan Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tela ne, shagona na Aboabo a nan Kumasi. Ina da mata da yara uku, ɗaki ɗaya muke haya a gidan da ya tara mutane da yawa. Abin da ya kawo ni yau ba na iya faɗa wa abokan majalisa, don dariya za su yi.

A goman ƙarshe na azumin bana ɗinkin sallah ya yi mana yawa. A shago muke kwana ni da yarana, butar ataya ba ta sauka daga kan gawayi, goro kuma ba ya barin bakina. Haka muke yi kowace shekara, bayan sallah mutum ya rama barcinsa a wuce wurin. Bana sai abin ya ƙi. Aka yi sallah, kowa ya karɓi kayansa, na kwanta, ido ya bushe. Da farko ban damu ba. Da abin ya ci gaba sai tsoro ya shigo, kuma yanzu tsoron ya fi rashin barcin damuna.

Da rana da sauƙi. Amma da ladan ya kira magariba sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, don na san dare ya taho. Bayan isha'i in kwanta, fanka na juyawa, matata da yara sun yi nisa, ni kuwa lissafi nake yi. In duba waya: sha ɗaya da rabi, in na yi barci yanzu zan samu awa biyar. In sake dubawa: ƙarfe ɗaya, saura uku da rabi. Zuciyata ta riƙa bugawa har ina jin ta a kunnen da na ɗora kan filo. Daren Juma'a cocin bayan layinmu suna kwanan addu'a da lasifika, ranar Asabar kuma in akwai makoki a unguwa sai kiɗa. Wajen ƙarfe uku maƙwabciyarmu mai koko ta fara hura wuta, ina jin ƙarar tukunyarta. Daga nan sai pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, ta farko ta wuce, sai assalatu. Wani lokaci in ɗan tafi kaɗan kafin asuba, wani lokaci ina jin ko runtsawa ban yi ba.

A shago hannuna na rawa wajen zura zare. Shadda mai tsada yanzu babban yarona nake ba ya yanka, ni ban yarda da idona ba. Na sha Piriton daga kemis, ya sa ni barci da farko, daga baya sai nauyin kai kawai da safe. Na sha madara da zuma, na yi wanka da dare, an kawo mini rubutu na sha.

Abin da ya fi tsaya mini a rai: muna yara akwai wani bawan Allah a layinmu da ya samu taɓin hankali, kuma na ji manya na cewa da rashin barci ya fara. Duk daren da ban yi barci ba shi nake tunawa. Don Allah, rashin barci na haukata mutum? Wanda ya taɓa shiga wannan hali, yaya ya fita?

Maman 'Yan Biyu, Asawase:

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu, Allah ya yaye. Ni waakye nake sayarwa, ƙarfe biyu da rabi nake tashi in ɗora wake, to na san zafin a ce ɗan lokacin da kake da shi ma barci ya ƙi. Na yi irin wannan bayan rasuwar mahaifiyata. Ga ni nan, hankalina garau, har ina ba mutane canji daidai.

Abu ɗaya zan roƙe ka. Wayar nan ka ba matarka ta ajiye a jakarta da dare. Me kake nema a agogo? Ladan zai tashe ka. Kuma ita matar, ka faɗa mata kuwa? Na san ku maza, sai ku kwanta kusa da mutum kuna cin wuta shi bai sani ba. Mu mun taso muna jin ana cewa barci ɓarawo ne. To ɓarawo ba ya shiga gidan da maigida ya kunna fitila ya zauna bakin ƙofa yana jiransa. Kai gadi kake yi, ba kwanciya ba.

Direban Kumasi–Tamale:

Maigida kada ka wahalar da kanka. Valium ɗaya bayan isha'i, sai an tashe ka. Mu da muke hanyar dare in mun sauke fasinja da ita muke samun barcin rana. Na daɗe ina sha, ban ga abin da ta yi mini ba. Piriton ai na mura ne, shi ya sa bai riƙe ka ba.

Anti Nas:

Yaya tela, sannu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa nake aiki, kuma masu irin labarinka suna zuwa mana sosai. Ba zan iya duba ka ta waya ba, amma zan faɗa maka abin da muke faɗa musu.

Bari in fara da abin da ya fi ba ka tsoro. Irin rashin barcin da ka kwatanta ba ya haukata mutum. Mutumin layinku mai yiwuwa ciwon ne ya riga ya fara, rashin barcin kuma alama ce daga alamominsa, sai mutane suka ɗauki alamar a matsayin dalili. Akwai ciwon da mutum zai yi kwanaki ba barci amma ba ya jin gajiya, ga surutu, ga kashe kuɗi, ga jin ya fi kowa. Wannan daban ne, kuma asibiti ake kai shi da sauri. Kai kuwa a gajiye kake, barcin kake nema ido rufe. A 1964 wani ɗalibi a Amurka, Randy Gardner, ya yi kwana 11 bai yi barci ba da gangan, masana na lura da shi. Ya wahala, tunaninsa ya rikice a lokacin, amma da ya kwanta ya yi barcin sama da awa 14 ya tashi ya dawo hayyacinsa. Jiki ba ya yarda a hana shi barci har abada, dole ya ƙwata.

Kuma ina kyautata zaton kana barci fiye da yadda kake tsammani. An sha gwada masu wannan matsala da na'ura, sai a ga sun yi barci alhali su sun rantse idonsu biyu. Barci mara nauyi yana kama da farke, musamman ga wanda ke kasa kunne. Kowa ma yakan ɗan farka cikin dare, don barci zagaye-zagaye yake yi, kowane zagaye kamar minti 90. Bambancin kawai, wani ya juya ya koma bai ma tuna ba, kai kuma ka farka ka ce shi ke nan, yau ma ta ɓaci.

Yadda abin ke aiki: abu biyu ke kawo barci. Na farko yunwar barci, wadda ke taruwa tun daga lokacin da ka tashi, gwargwadon daɗewarka a farke. Na biyu agogon jiki, wanda hasken rana da lokacin tashi ke saita shi. Ɗinkin sallah ya birkita maka duka biyun. Wannan da kansa zai gyaru. Amma sai abu na uku ya shigo, wato tsoro. Tsoro yana sa jiki ya saki sinadaran shirin gudu ko faɗa, zuciya ta buga, tsoka ta ɗaure. Jikin da ya yi shirin gudu ba zai yi barci ba. A hankali ƙwaƙwalwa ta haɗa katifar nan da fargaba, shi ya sa tun magariba take fara kaɗa maka ƙararrawa. Dalilin farko ya wuce tun ranar idi, tsoron ne ke riƙe da ciwon yanzu.

Maganin da likitoci ke sawa gaba ba ƙwaya ba ce. Horo ne na gyara ɗabi'a da tunani, a asibiti muna kiransa CBT-I, kuma a 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta ce da shi ya kamata a fara wa babban mutum mai daɗaɗɗen rashin barci. Wani masani, Richard Bootzin, tun 1972 ya tsara babban ɓangarensa. Kada ka kwanta sai barci ya fara fizgarka. Gajiya daban, jin barci daban: jin barci shi ne hamma, ido na rufewa, kai na gyangyaɗi. In ka kwanta ka ga kamar minti 20 sun wuce, ba da agogo ba, da ƙiyasi, kuma ranka ya fara ɓaci, ka tashi daga shimfiɗar ka zauna wani wuri ka yi abu mai sanyi a haske kaɗan, sai barcin ya dawo ka koma. Ko sau nawa ne. Sannan ka tashi lokaci ɗaya kullum, ko ka yi barci ko ba ka yi ba. A nan mu Musulmi mun samu sauƙi, don asuba a Kumasi ba ta nisa da ƙarfe biyar duk shekara.

Abin da zai yi maka wuya shi ne kada ka rama. In dare ya ɓaci, kada ka kwanta da wuri washegari, kada ka miƙe kan teburin yanka bayan azahar ka yi awa biyu. Duk abin da ka ci da rana, daga rabon dare ka ɗebo.

Ataya da goro kuma, duka suna da kafeyin. Jiki yakan ɗauki kamar awa 5 kafin ya rage rabin abin da ka sha. Kofin da ka sha a majalisa bayan la'asar, fiye da rabinsa na jininka lokacin isha'i. Ban ce ka bari gaba ɗaya ba, ka tsayar da shi daga azahar. Lemun ƙara kuzari na gwangwani da na roba ma haka.

Yaya direba, ka yi haƙuri, ba zan bar maganarka ta wuce ba. Valium na sa barci, gaskiya ne. Amma cikin 'yan makonni jiki ke sabawa, ɗaya ta daina isa, in an bari kuma rashin barcin ya dawo fiye da da. Tana daɗewa a jiki har washegari, ga ka da motar fasinja a hanyar Techiman da Kintampo. Likita kan rubuta ta na ɗan gajeren lokaci, ba a saya a sha kai tsaye ba.

Malam na Tafo:

Ɗana, Allah ya ba ka lafiya. Allah ya ce ya sanya barcinmu hutu, ya sanya dare sutura. Kyauta ce, ba a ƙwatar ta da ƙarfi.

Ka yi alwala, ka kwanta ta dama, ka karanta Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyun ƙarshen Baƙara, ka tofa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu ka shafe jiki. Ka yi tasbihin da Manzon Allah (SAW) ya koya wa Nana Faɗima da Sayyidina Aliyu lokacin da ta koka da wahalar niƙa: Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 34.

Sai dai in ja kunnenka a kan abu guda, don na ga masu zuwa wurina suna faɗawa ciki. Kada ka mai da addu'a ƙwaya. Mutum ya karanta, ya rufe ido, ya ce bari in ga ko ta yi aiki. Bayan ɗan lokaci ya ce ba ta yi ba, ya sake karantawa da sauri, daga nan ya fara zargin ko an yi masa sammu, ko Allah na fushi da shi. Ya ƙara wa kansa tsoro na biyu a kan na farko. Ka karanta don neman tsari da lada, ka riga ka samu ko barci ya zo ko bai zo ba. Kuma ya tabbata Annabi ba ya son hira bayan isha'i, to majalisar dare a rage ta. Abin da 'yata nas ta faɗa ban ga inda ya saɓa wa addini ba, neman magani umarni ne.

Telan Aboabo:

Na gode ƙwarai. Hajiya, kin gano ni, ban faɗa mata ba sai jiya. Ashe ta sani, ta ce tana jin juyina tana yin shiru don kada in ji kunya. Waya na wurinta yanzu.

Anti Nas, maganar mutumin layinmu ta sauke mini kaya. Amma ga inda na tsaya. Kin ce in tashi in koma wani wuri. Wane wuri? Ɗaki ɗaya ne, yara na shimfiɗe a ƙasa, in na kunna fitila ƙaramin ya farka. Tsakar gida kuwa sauro, ga mutanen gida da ido, gobe a ce telan nan ya fara yawon dare. In an ɗauke wuta kuma ɗakin ya zama tanda. Sannan bayan sallar asuba da nakan koma in kwanta har bakwai, nan ne ma nake ɗan samu. Shi ma in bari?

Anti Nas:

Tambayar ta yi. Waɗanda suka tsara horon nan da masu falo da ɗakin kwana suke magana, mu dole mu yi wa abin kwaskwarima. Manufar ita ce jikinka ya daina koyon cewa kwanciya wurin fama ce. To ka ajiye kujera ko darduma a kusurwa ɗaya, ko bakin ƙofa ta ciki. In abin ya taso, ka sauka daga katifa ka zauna can a tsaye da bayanka, ba a kishingiɗe ba. Carbi ya isa, ba ya son haske. Ko ƙaramar rediyo a kunne, murya ƙasa-ƙasa, karatu ko hira mara tayar da hankali, ban da muhawarar siyasa da sharhin ƙwallo. Kada ka ɗauko aikin shago, kada ka mai da lokacin na lissafin bashi. In lissafin ne ke taso maka, ka ware masa lokaci bayan la'asar, ka rubuta a littafin awo: wane na bina kaza, kuɗin makaranta ranar kaza, abin da zan yi gobe kaza. In ya zo da dare ka ce masa an riga an rubuta ka.

Kana zaune, ka ja numfashi ta hanci a hankali, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja. Fitar da numfashi mai tsawo na rage bugun zuciya. Amma kamar yadda Malam ya ce game da addu'a, shi ma kada ka tsaya kana auna ko ya yi aiki. Wasu ma mukan ce musu su kwanta ido buɗe cikin duhu, su ce yau ba zan yi barci ba, hutawa kawai zan yi. Da an cire dolen, sau da yawa sai ya zo. Na cocin da makokin, abin toshe kunne na roba da ake samu a manyan kemis yana ragewa, ƙarar fanka ma na rufe wani abu.

Barcin bayan asuba, i, ka ɗan bar shi na wasu makonni. Na san shi ne mai daɗin. Amma shi ke cinye yunwar da kake buƙata da dare. Ka fito masallaci ka taka zuwa shago, hasken safe ya shiga idonka, ka karya da kokon maƙwabciyar taka. In rana ta yi ka kasa, ƙailula ta minti 20 kafin la'asar, ka sa yaronka ya tashe ka. Da dare kuma kada ka kwanta tara don kowa ya kwanta. Ka kai sha ɗaya tukuna. In barcin ya fara haɗuwa wuri ɗaya, sai ka riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 duk mako. Makon farko zai fi wuya, za ka ji kamar na cuce ka. A kwanakin nan ka ci gaba da barin yaron ya yi yanka, kuma ka kula da yatsunka a keken lantarki. Wanda ke da farfaɗiya, ko ciwon da na kwatanta a sama, ko direba, kada ya rage lokacin kwanciya sai da likita.

Duk da haka ina so ka je a duba ka. In abin ya kai dare uku a mako har wata uku, ya zama daɗaɗɗe a lissafinmu. A auna jininka da sukari, a duba maƙogwaro, don halittar nan ta wuya da ake kira thyroid in ta yi aiki fiye da kima tana kawo bugun zuciya, rawar hannu, rama da rashin barci. Ka tambayi matarka ko kana minshari har numfashi ya ɗauke. In kuma ka ga komai ya fita ranka, abinci ba daɗi, kana farkawa tsakar dare da baƙin ciki, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, kada ka jira ko kwana ɗaya. Asibitin Komfo Anokye na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, asibitocin gwamnati da yawa kuma suna da nas ɗin wannan fanni. Ba sai an kai mutum asibitin masu taɓin hankali na Pantang ko Ankaful ba, kuma shiga ƙofarmu ba ya nufin hauka. Ka tafi da katin inshorarka.

Direban Kumasi–Tamale:

Anti, maganarki ta tsaya mini. Gaskiya yanzu biyu nake sha, ɗaya ba ta yi. In na zubar da sauran yau fa?

Anti Nas:

A'a Yaya, kada ka yanke lokaci ɗaya. Wanda ya daɗe yana sha in ya tsaya kwatsam yana iya samun rawar jiki, firgita, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. A hankali ake ragewa, likita ne zai tsara maka gwargwadon yadda kake sha da tsawon lokacin. Ka ɗauki kwalin ka je da shi, ka faɗi gaskiyar adadin, ka kuma faɗa masa motar dare kake ja. In kana haɗawa da tramadol ko wani abu don hanya, shi ma ka faɗa, don haɗin na iya danne numfashi. Yaushe za ka dawo Kumasi?

Direban Kumasi–Tamale:

Laraba in sha Allahu, da safe nake sauka.